Ƙarar Cokali a Aboabo

Shekara talatin da ɗaya ina dafa wake da shinkafa
a bakin titin Aboabo.
Karan dawa nake jefawa ya rina tukunya,
kafin ladan ya gyara murya wutata ta kama.
Direbobin Asawase sun san ƙarar ludayina.
Amma jikana Zulka, wanda na goya da zanen nan,
ya ce abincina jira ya yi masa yawa.

Jiran me, ɗan nan?
Ina za ka da ba a jira?

Shekararsa goma sha shida.
Ana tashi makaranta, shi da Rafik da Nasiba ta gidan Alhaji Seidu,
sai shagon gilashi,
inda fitila ke ci da rana tsaka,
kaza na juyawa jikin ƙarfe kamar mai neman gafara.
Soyayyar shinkafa a kwali,
wata farar miya mai kama da man shafawa,
baƙin lemo mai sanyin da ke sa haƙori kuka.
Kafin bismilla sai an ɗaga waya:
hoto ya fara ci, mutum ya samu saura.

Ƙarfe goma na dare yana bencin mai shayi,
indomi biyu, ƙwai biyu, a tsaye wani lokacin.
Da safe kokon da na dama ya yi yana,
ƙosai ya huce yana kallon ƙofa.

Ranar Laraba ina shara na duƙa.
Kwalaye tara ƙarƙashin gado,
mai ya jiƙa su har haske na ratsawa,
tururuwa sun ja layi kamar masu jiran mota a Kejetia.
Na zauna a ƙasa na ƙirga da yatsu.
Kwali ɗaya, sidi arba'in.
Ludayi nawa ke nan? Hayaƙi nawa a idona?
Ashe kuɗin motar da nake ciro masa daga gwangwanin madara
shi yake tarawa,
ya dawo gida a ƙafa, takalmi ya cinye, shi bai ƙoshi ba.

Na shirya faɗa, na wasa shi kamar wuƙa.
Gishiri, mai, sukari,
ƙurajen da suka yi sansani a goshinsa,
cikin da yake dafewa in ya ɗauka ba na gani.
Sai muryar innata ta taso daga inda take kwance:
"Mardiya, mai cin hanya ba ya ƙoshi."
Ni ce yarinyar, tsire a takarda bayan silima,
ina goge baki da gefen mayafi.
Yau kuma wa ke naɗe shinkafa a ganye
tana ciyar da 'ya'yan wasu a bakin hanya?
Na mayar da wuƙata kube.

A kwali na tara akwai guntun cinya, na jiya.
Na duba hagu, na duba dama, na gutsura.
Ba zan yi ƙarya da furfura ba: da daɗi.
Daɗin da ke rawa a harshe
amma bai san hanyar ciki ba.

Daren nan na tuƙa tuwon zafi, na kaɗa ayoyo,
daddawa ta shiga har ɗakinsa ta gaishe shi.
Ya ce ya ƙoshi.
Na ce madalla.
Na rufe tukunya, ban ɗora dutse a kai ba.

Can wajen ƙarfe ɗaya na ji ta.
Ƙarar cokali a gindin tukunya,
a hankali, a hankali, irin ta ɓarawon da ya san gida.
Babu hasken waya. Babu hoto.
Sai numfashin yaro da kankarar ƙanzo.

Na juya fuskata ga bango,
na ja minshari na ƙarya,
don kada kunya ta hana shi ƙari.